Mikin Tiyatar Dajin Ƙafa: Aikin Da Ake Ƙarasawa A Gida

Ba kowane lungu ɗan Adaidaita Sahu ke iya shiga a cikin birnin Kano ba. Wanda aka sallamo daga Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Murtala bayan an yi masa aiki a cinya, in gidansu can cikin Koki yake ko Makwarari ko Sheshe, a bakin titi za a sauke shi. Daga nan sai 'yan'uwa biyu su tallafe shi, ana tsallake kwata, ana kauce wa 'yan garuwa, maƙwabta na jera masa sannu, har a dangana da ɗaki. A hannun mai jinyarsa akwai leda: kati, takardar magani, bandeji, filasta. Kowa ya shigo sai ya ce alhamdu lillahi, an yi aiki lafiya, ba a yanke ƙafa ba. Abin godiya ne ƙwarai. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin ƙarƙashin bandejin nan akwai miki mai tsawon taƙi ɗaya ko biyu, kuma daga yau ba likita ne zai riƙa kwana da shi ba. Matar gida ce, ko ɗa, ko ƙanwa.

Dajin da ake magana a kansa ba na ƙashi ba ne, ba kuma na fata ba. A cikin nama yake tsirowa: tsoka, kitse, jijiyoyi da tantanin da ke haɗa su. Likitoci na kiransa sarkoma. Ba shi da yawa, don a cikin manya ɗari masu ciwon daji kusan mutum ɗaya ne ke da irinsa, amma ire-irensa sun haura hamsin, kuma babu inda ya fi yawan fitowa kamar cinya. Mugun halinsa shi ne shigowa a ɓoye. Ƙulli ne kawai a cikin nama, sau da yawa ba zafi ba raɗaɗi. Mutum na zuwa kasuwar Kurmi yana dawowa, yana hawa babur, yana tsayuwa a sahu. Cinya wuri ne mai faɗi, ga wando ga zani sun rufe. Ƙari sai ya kai girman lemo, ya kai na gwanda, ba a nuna wa kowa ba.

Ƙa'idar likitoci a nan gajera ce: duk ƙullin da ya kai girman ƙwan kaza, wato kimanin santimita 5, ko yake ƙara girma, ko yake can ƙasa cikin tsoka, ko ya dawo bayan an cire shi, a ɗauke shi a matsayin daji har sai gwaji ya wanke shi. Amma hanyar da yawancin mutane ke bi daban ce. Za a fara da shafe-shafe, a je wurin wanzami ya yi ƙaho, in ya ƙi sai a ce ruwa ne ya taru, a yi sakiya. Wani kuma a ƙaramin asibiti za a yanke masa da sunan ƙullin kitse, ba hoto, ba a kuma aika naman ɗakin gwaji ba. Bayan 'yan watanni ya dawo ya fi da. Daga nan ne maganar nan ta cewa daji ba ya son ƙarfe ta samu gindin zama. Akwai abin da masu faɗinta suka gani da idonsu, fassarar ce ta kauce: abin da daji ba ya so shi ne a tsaga shi a bar saura. Wuƙar da ta ɗebe shi duka ita ce babban maganinsa.

A da, ɗebe shi duka na nufin yanke ƙafa. A 1982 wani likitan fiɗa, Steven Rosenberg, da abokan aikinsa a cibiyar binciken ciwon daji ta gwamnatin Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da majinyata 43. Wasu an yanke musu gaɓar, wasu an cire ƙarin kawai an bi da gashin na'ura, kuma ba a ga bambanci a tsawon rayuwarsu ba. Tun daga lokacin aka juya akala. A yau, a cibiyoyin da suka ƙware, fiye da mutum tara cikin goma na tsira da ƙafarsu.

Tsirar da ƙafa kuwa tana da farashi, mikin ne ke biya. Likita ba ya ɓare ƙarin kamar ƙwallon mangwaro. Yi yake kamar mai doya da ya ga ruɓa: ya yanke wurin ya haɗa da lafiyayyen da ke kewaye, don kada a bar ko ɓurɓushi. Wani lokaci tsoka guda ake ɗaukewa. Abin da ke saura rami ne a cikin cinya, fata ta rufe shi ta sama. Fatar nan an ɗaga ta daga naman da ke ciyar da ita da jini, an kuma yanke ƙananan hanyoyin farin ruwan jiki, waɗanda ke bi ta matsematsi, inda kaluluwa ke fitowa. Ruwa sai ya riƙa taruwa a ramin, yana tura ɗinki daga ciki. Shi ya sa aikin da aka yi a cikin cinya, kusa da matsematsi, ya fi kowanne saurin ba da matsala: ga gumi, ga gugar cinya da cinya, ga kusanci da mafitar bawali da bahaya.

Sai kuma gashi. Ba gashin ƙashi ba, wanda ake yi don motsa gaɓoɓi. Wannan na'ura ce ke harba haske mai ƙone ƙwayoyin daji, kuma hasken ba ya barin lafiyayyar fata yadda ya same ta. A 2002 Brian O'Sullivan na birnin Toronto da takwarorinsa na Kanada suka wallafa binciken da har yanzu ake kafa hujja da shi. Sun raba majinyata 190 gida biyu. Waɗanda aka yi wa gashi kafin tiyata, kashi 35 cikin 100 sun gamu da babbar matsalar miki. Waɗanda aka yi wa bayan tiyata, kashi 17. Mafi yawan matsalolin a ƙafa suka faru, ba a hannu ba. Amma gashin bayan tiyata ya fi yawa, ya fi faɗi, don haka ya fi barin ƙafa da tauri da kumburi shekaru masu zuwa. Abin lura shi ne ko a Kanada, inda ba a ɗauke wuta, mutum ɗaya cikin shida zuwa ɗaya cikin uku mikinsa ya ba da wahala. Buɗewar miki ba kullum take nuna gangancin likita ko sakacin mai jinya ba. Halin wannan aiki ne.

Kano ba ta rasa wuraren yin aikin ba. Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata yana nan tun zamanin Turawa, Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun 1988. Gashi ne ya daɗe yana sa Kanawa yin tattaki zuwa Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. A nan mikin ke zama agogo. Ba a fara gashi a kan mikin da bai rufe ba, ana kuma so a fara cikin makonni kaɗan bayan tiyata. Duk makon da miki ya ƙara yana ruwa, mako ne da aka ba sauran ƙwayoyin daji, in akwai su, su miƙe ƙafa. Wankin miki a nan ba tsafta ce kawai ba, sashe ne na maganin dajin kansa.

Mikin da aka ɗinke ya rufu ruf bai da buƙata mai yawa. Bandejin da aka sa a ɗakin tiyata ana barinsa kwana biyu ba a taɓa ba, sai in ya jiƙe sharkaf, domin a cikin waɗannan sa'o'i 48 ne bakin fata ke mannewa ya toshe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Bayan haka sai a buɗe, a duba, a goge da ruwan gishirin asibiti, a rufe da goz, wato farin ƙyallen nan mai raga-raga, a manne da filasta. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin hana mikin tiyata ruɓewa, bayan ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mutum 11 cikin kowane 100 da aka yi wa tiyata mikinsu na kamuwa da cuta. Abubuwa biyu a ciki sun shafi aljihun talaka kai tsaye. Na farko, ba a samu hujjar cewa bandeji mai tsada ya fi na gama-gari a kan ɗinkakken miki ba. Na biyu, ci gaba da shan maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan tiyata da sunan rigakafi ba ya hana ruɓa. Ɗinkin ƙafa kan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin a cire zare, ya fi haka in an riga an yi gashi. Gaggawar cire shi ba alheri ba ce.

Da yawa za a sallame su da wata siririyar roba ta fito daga gefen mikin, ta shiga gora ko jaka. Ita ke zuƙe ruwan ramin nan. Ruwan kan fara ja, ya koma kalar ruwan wankin nama, ya koma fatsi-fatsi kamar man gyaɗa. Aikin mai jinya shi ne ya rubuta yawan da ya taru kowace safiya, ya ajiye gorar ƙasa da cinya, ya kula kada robar ta lanƙwashe ko yaro ya fizge ta. Likita ne ke cewa a cire, in ruwan ya ja baya. In kuma bayan an cire wurin ya kumbura yana motsi kamar salka, ba aikin wanzami ba ne, ba na mai kemis ba. A asibiti ake zuƙe shi da tsaftatacciyar allura, wani lokaci sau da dama.

Inda ilimin ya fi yawa, kuskure ma ya fi yawa, shi ne mikin da ya buɗe. Abin da aka gada kaka da kakanni shi ne a bar ciwo ya sha iska ya bushe, in ya yi ɓawo ya kama hanyar warkewa. Likitocin Turai ma haka suka yarda har 1962, lokacin da wani masanin Ingila, George Winter, ya yi ƙananan raunuka a fatar aladu, ya rufe wasu da leda ya bar wasu a buɗe. Waɗanda aka rufe, suka zauna da danshi, sabuwar fata ta rufe su da saurin da ya kusa ninka na busassun. Dalilin a fili yake in an yi tunani irin na manomi: sabbin ƙwayoyin fata rarrafe suke yi daga gefen miki zuwa tsakiya, kamar yaɗon kabewa, kuma ba sa rarrafe a kan busasshiyar ƙasa. Ba sa kuma yi a cikin fadama. Danshi ake nema, ba jiƙa ba.

Duk tarin bandejojin zamani a kan wannan ma'auni aka ƙera su. Akwai wanda ake yi da ciyawar teku, mai shan ruwa sosai, ana cusa shi a ramin da ke tsiyaya. Akwai mai kama da soso. Akwai mai kama da kamu, wanda ke jiƙa busasshen miki ya tausasa mataccen nama. Akwai masu ɗauke da azurfa ko aidin don mikin da ya kamu da cuta. Suna da amfani, babbar fa'idarsu ita ce ana iya barinsu kwana biyu ko uku, amma tsadarsu ta sa a nan goz da ruwan gishiri ne abin hannu. Su ma suna aiki in an san kansu. A jiƙa goz, a matse, a shimfiɗa shi cikin ramin har ƙasa ba tare da an danna ba, a ɗora busasshe a sama. A ƙirga guda nawa aka sa, a ƙirga nawa aka fitar, domin ƙyalle ɗaya da aka manta a ciki ya isa ya hana miki rufewa wata da watanni.

Wanda ya taɓa jin ihun majinyaci lokacin da ake ɓamɓare goz da ya bushe ya manne ba ya mantawa. Ihun nan ba dole ba ne. Abin da ke fita manne da ƙyallen, ja-jawur mai ƙurji-ƙurji, sabon nama ne da jiki ya kwana yana ginawa. A jiƙa da ruwan gishiri a jira minti goma, ko a fara shimfiɗa goz mai maiƙo kafin busasshe, a kuma ba da maganin zafi rabin sa'a kafin a fara. Majinyacin da ke tsoron wanki shi ne ke fara ƙirƙiro dalilan fashi.

Da me ake wankewa? Ruwan gishiri, giram 9 a lita ɗaya, daidai da gishirin da ke cikin jini. Na leda da ake sayarwa don ƙarin ruwa shi ne mafi aminci. In ya gagara, kuma nas ta amince, ana tafasa ruwa lita ɗaya, wato fiya wata biyu, da gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi zuwa biyu a shafe, a rufe ya huce, a zubar da ragowar washegari. Sifirit na lafiyayyar fata ne, ba na cikin miki ba. Ruwan nan mai kumfa, haidurojin, yana burge ido, amma yadda yake kashe ƙwayar cuta haka yake kashe sabon nama. Yusol, wanda aka haɗa a Jami'ar Edinbara a 1915 don raunukan yaƙin duniya na farko, yana da ranarsa a ruɓaɓɓen miki, amma da zarar nama ya yi ja sai a ajiye shi. Dettol da Izal na daɓe da banɗaki ne. Su kuma dabarun gida, fasa kafso a barbaɗa, garin bagaruwa, toka, man kaɗanya, duk suna yin ɓawo a sama su kulle mugunya a ƙasa. Mafi haɗari shi ne gasa wurin da ruwan zafi da tsumma. Fatar da ke gefen ɗinki sau da yawa ba ta ji, don an yanke jijiyoyinta. Mutum zai ƙone bai sani ba, garin neman gira a rasa ido.

Zuma fa? Tambayar da ba ta taɓa rasa mai yinta ke nan, kuma amsar za ta faranta wa mutane da yawa rai, domin a wannan karon malamin zaure da likita sun haɗu. Suratun Nahli ta ambaci warakar da ke cikinta, sannan ɗaya daga cikin binciken zamani na farko da ya dawo da ita asibiti a Najeriya aka yi shi. A 1988 wani likitan fiɗa a asibitin koyarwa na Kalaba, Spencer Efem, ya ba da rahoton majinyata 59 masu miki da gyambo, mafi yawansu sun gagari magungunan da aka saba. Aka sa musu zuma, 58 suka samu sauƙi ƙwarai: wari ya ɗauke, mataccen nama ya saki, kumburi ya sauka. Zuma na tsotse ruwan jikin ƙwayoyin cuta saboda kaurin zaƙinta, tana da ɗan tsami da ba sa so, tana kuma riƙe danshin nan da Winter ya gano.

Amma akwai iyaka. Ɗinkakken miki ba ya buƙatar zuma. Ba kowace kwalba da aka rubuta wa zuma ba ce zuma. Wadda aka dafa da sukari ba ta da wannan aiki, ta asibiti kuwa tacewa ake yi a kashe duk abin da ke cikinta. Sannan zuma na gyara miki ne, ba ta kashe daji. Wanda ya ce a fasa gashi a dogara da ita ya cuci majinyaci, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Can a ɗaya ƙarshen akwai na'urar zuƙa. Masana biyu na Jami'ar Wake Forest a Amurka, Louis Argenta da Michael Morykwas, su suka yaɗa ta da rubuce-rubucensu na 1997. Ana yanka soso daidai ramin, a cusa, a rufe da leda mai manne wa fata yadda iska ba za ta shiga ba, a haɗa roba zuwa ƙaramin inji mai zuƙa dare da rana. Ruwa na fita, ramin na tsukewa, sabon nama na tasowa, kuma sai bayan kwana biyu ko uku ake canzawa. Ga babban ramin cinya mai tsiyaya, wanda da sai an wanke sau biyu a yini, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Likitoci a Najeriya da wasu ƙasashe masu irin halinmu sun nuna ana iya haɗa kwatankwacinta da goz, da robar hanci, da injin zuƙa na asibiti, a rage kuɗi sosai.

Sai dai ba ta kowa ba ce. Ba a ɗora ta a kan wurin da ake zaton akwai sauran daji, don kada abin da ke sa nama tsiro ya sa shi ma ya tsiro. Ke nan ana so a ga sakamakon gwajin naman da aka cire. Ba a ɗora soson kai tsaye a kan babbar jijiyar jini. In injin ya tsaya sa'o'i, soson da ke kulle ya zama matattarar cuta, kuma duk wanda ya san halin wuta a cikin birni ya san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. A kan ɗinkakken miki ma hujjar ba ta gama zama ba. Wani babban gwaji a Ingila da aka wallafa a 2020, da mutum sama da 1,500 da aka yi wa aikin karayar ƙafa, ya samu ruɓa mai zurfi a kusan 6 cikin 100 na masu na'ura, kusan 7 cikin 100 na masu bandejin gama-gari, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. Iyalin da ba su da kuɗin na'ura kada su ɗauka sun kasa wa ɗan'uwansu.

In fata ba ta isa rufewa ba, a ƙwauri musamman, likitan gyaran fata kan yanko siririn falle daga ɗaya cinyar ya dasa, ko ya juyo da tsoka da jijiyarta ya cike ramin. Dashe kamar dashen shinkafa ne, ba a motsa shi sai ya kama: kwana biyar ko kusa da haka ba a buɗewa, ƙafa a miƙe a kan matashi. Inda aka yanko kuwa, wanda sau da yawa ya fi zafi, barinsa ake yi mako biyu, bandejin ya saki da kansa.

Akwai kuma waɗanda suka zo a makare, ƙarin ya riga ya fasa fata, yana jini yana wari. Ko an yi aiki ko ba a yi ba, su ma suna da haƙƙi a kan ilimin nan. Warin da ke korar 'yan dubiya, ya sa mutum ya daina cin abinci da iyalinsa, ƙwayoyin cuta ne da ba sa son iska ke haifar da shi, kuma Flagyl na kashe su. Likitoci kan ce a niƙa ƙwayar a barbaɗa, ko a shafa mai ruwa-ruwa, cikin 'yan kwanaki a ji bambanci. Gawayi a kwano ƙarƙashin gado na shanye wari fiye da yadda turaren wuta ke rufe shi. Irin wannan miki ba a dirza shi, zuba ruwa ake yi a hankali. In ya ɓalle da jini, a danna da tsaftataccen ƙyalle a nufi asibiti.

Komawa ɗakin nan na cikin lungu. Kayan aiki mafi muhimmanci a cikinsa sabulu ne da buta. A wanke hannu kafin a taɓa komai, a cire tsohon bandeji a jefa a leda, a sake wanke hannu, a sa safar hannu sabuwa, sannan a taɓa sabbin kaya. A goge daga tsakiyar miki zuwa waje, kowane goz shafa ɗaya, ba a dawowa da shi. Auduga ba ta shiga cikin miki, tana barin gashi. A rufe taga a kashe fanka in hunturu ne, a kori ƙuda in damina ce. Bandeji a naɗe shi ya kama ba tare da ya shaƙe ba. In yatsun ƙafa suka kumbura ko suka yi sanyi, an matse da yawa. Ledar tsohon bandeji a ƙone ta ko a binne, kada ta je bola inda awaki da yara ke tone-tone.

Dubiya ibada ce, ba mai hana ta. Amma mikin ba abin kallo ba ne. Kowace gwaggo da ta ce a buɗe mata ta gani, kowane aboki da ya zo da ƙullin magani daga ƙauye, da ƙauna suka zo, sai dai dole a samu mutum ɗaya a gidan da zai iya cewa, “Ku yi haƙuri, likita ya hana.” Banɗakin tsuguno ma abokin gaba ne ga ɗinkin cinya, don tsuguno na ja fata har ta tsage; kujerar roba da aka huda tsakiyarta ta wadatar. A watannin bazara, lokacin da zafin Kano ke kai 40 a ma'auni, gumi na saki filasta, sai a riƙa dubawa safe da yamma.

Da yawa kan jiƙa bandeji don tsoron kada sallarsu ta ɓaci. Malaman Malikiyya sun daɗe da warware wannan: a littattafan fiƙihu irin su Mukhtasar na Shehu Khalil akwai bayanin shafa a kan abin da aka ɗaure rauni da shi, ga taimama ga wanda ruwa zai cutar, ga salla a zaune ga wanda ba zai iya ruku'u da sujada ba. Limamin unguwa da ya faɗi haka a gaban majinyaci ya yi wa mikin aikin da kwalbar magani ba za ta yi ba.

Sabon nama daga akushi yake fitowa. Wake, ƙwai, kifi, awara, nono, gyaɗa, zogale, su ne tubalin. A wasu gidaje ana hana mai miki gyaɗa ko ƙwai wai suna sa mugunya. Ƙwayar cuta ce ke sa mugunya, yunwa kuma ke hana rufewa. Mai ciwon suga ya riƙa gwaji, domin sugan da ya hau na daƙile warkewa. Mai shan sigari ya ajiye, hayaƙinta na tsuke ƙananan jijiyoyin da fatar nan ta dogara da su. Kwanciya wuni guda ma ba hutu ba ne: a riƙa motsa idon sawu, a riƙa ɗan takawa gwargwadon yadda aka ba da izini, don kada jini ya daskare a jijiya.

Wasu alamomi ba sa jiran ranar da aka rubuta. Ja da ke yaɗuwa daga bakin ɗinki, zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa bayan kwana uku, zazzaɓi da rawar sanyi, mugunya ko wari, fatar da ta yi baƙi, ɗinkin da ya ɗage, jinin da ya ƙi tsayawa. Sharaɓar da ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare ne. Zazzaɓin bayan tiyata kada a yanke masa hukuncin cizon sauro kafin a buɗe bandeji a duba.

Duk wannan kuɗi ne, kuma a Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a lafiya daga aljihun mutane yake fita. Iyalin da suka sayar da fili ko keken ɗinki don tiyata ba su sa goz da safar hannu da kuɗin mota na wata biyu a lissafi ba. Nan ne ake fara tsallake kwana, a wanke bandeji a shanya, a koma wurin yaron kemis na bakin layi. Mai wannan rubutu na ganin gyara mafi araha bai wuce minti talatin ba: kafin sallama, a sa mai jinya ta tsaya ta kalli wanki, washegari ta yi da hannunta nas na kallo, a ba ta bayani da Hausa ko da ajami, da lambar wayar da za ta aika hoton miki in ta ga abin da ba ta gane ba. Iyali ma su nema, ba rashin kunya ba ne a ce, “Sista, don Allah nuna min yadda zan yi.” A kuma tambayi abubuwa biyu kafin a bar gado: yaushe sakamakon naman zai fito, kuma shin akwai gashi a gaba.

Ranar da miki ya rufe, aka cire bandeji na ƙarshe, tabon zai yi wata da watanni yana ja yana tauri kafin ya lafa, ƙafar na iya kumbura da yamma, gwiwa na buƙatar masu gashin ƙashi. Sarkoma kan dawo a gefen tabon, in kuma za ta yi tafiya, huhu ta fi nufa. Don haka a shekaru biyu zuwa uku na farko, kowane wata uku ko huɗu, likita zai shafa tabon da hannunsa ya sa a ɗauki hoton ƙirji, ko da mutum ya koma kasuwa yana jin garau. Ranar farko ta wannan komawa tana rubuce a katin nan da aka shigo da shi cikin leda.